Da Hajiya ta ce a ɗaukaka ƙara

Ranar da alƙali ya yanke wa ɗanta hukuncin ɗaurin shekara biyar, Hajiya ba ta zubar da hawaye a cikin kotu ba. Sai da muka fito harabar ajiye motoci, iskar hunturun lardin Ontario na Kanada tana yankar fuska, sannan ta gyara mayafinta a kan jibgegiyar rigar sanyi, ta dube ni ta ce: "Malam, ai akwai ɗaukaka ƙara, ko ba haka ba?" Na ce mata akwai. Ta ce to a yi, ko nawa ne, tana da fili a gida wanda za a iya sayarwa.

Ni ba lauya ba ne. Na daɗe a yankin Toronto, kuma kamar yadda ya zama al'ada a tsakanin mutanenmu na nan, duk wanda Allah ya hore wa karatun takardun hukuma shi dattawa suke kira idan wasiƙa mai tambari ta shigo gida. Haka na shiga wannan magana, kuma ba zan ambaci sunan kowa daga cikin iyalan biyu ba. Yaron ya tuƙa mota da dare bayan ya sha giya, ya buge wani mutum, mutumin ya rasu kafin wayewar gari. A duk tsawon watannin da aka yi ana shari'a, ban ji mutum ɗaya daga cikin masu zuwa jaje ya furta kalmar giya ba. Kowa cewa yake yi tsautsayi ne, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na fahimci dalilin wannan sakaya, domin uwa ce a zaune ana magana a gabanta, amma ban yarda da ita ba, kuma ina ganin ita ce ta sa Hajiya ta ɗauka cewa idan aka samu wani alƙali mai tausayi a sama, zai saurari labarin tun daga farko ya ga cewa ɗanta ba mugu ba ne.

Abin da yawancinmu muka sani game da ɗaukaka ƙara mun koye shi ne daga shari'o'in zaɓe da rigingimun gado da na filaye, inda muke jin cewa wane ya faɗi a ƙasa amma ya yi nasara a sama. Ni ma da irin wannan fahimta na shiga ginin Osgoode Hall, wanda ke kan titin Queen a tsakiyar Toronto, inda kotun ɗaukaka ƙara ta lardin Ontario take zama. Zaman a buɗe yake ga kowa, saboda haka na ɗauki hutun kwana ɗaya daga aiki na je na zauna a baya domin in ga abin da za mu sayar da fili saboda shi. Ginin yana da shingen baƙin ƙarfe mai matsattsun ƙofofi, waɗanda mutanen gari suke cewa an yi su ne a da domin hana shanu shiga. A cikin ɗakin shari'ar alƙalai uku ne a jere a kan benci, lauyoyi sanye da baƙaƙen riguna amma babu farar hular gashin nan da muka saba gani a kan lauyoyin Najeriya, kuma a gaban kowa akwai tarin kundaye masu alamomi a gefen shafuka. Babu mai ba da shaida ko ɗaya, kuma ba wanda aka rantsar. Lauyan mai ɗaukaka ƙara bai yi minti biyar yana magana ba ɗaya daga cikin alƙalan ta katse shi, ta tambaye shi a wane shafi na kundin shari'ar alƙalin farko ya faɗi abin da yake zarginsa da faɗa. Ya buɗe, ya karanta, ta ce masa ita ba haka ta fahimci sakin layin ba. Kafin azahar sun shiga ciki, sun fito, sun yi watsi da ƙarar a cikin jimloli kaɗan.

A ranar na gane cewa wannan kotu aikin alƙalin farko take dubawa. Hatsarin kansa, da wanda ya mutu, da halin wanda ya tuƙa motar, duk an riga an gama da su a ƙasa. Sashe na 686 na kundin dokokin laifuka na Kanada ya buɗe ƙofofi uku kacal ga wanda yake son a soke kamun da aka yi masa da laifi: ko dai ya nuna cewa babu wani alƙali mai hankali da zai iya kai wa ga wannan matsaya bisa shaidun da aka gabatar, ko ya nuna cewa alƙalin ya yi kuskure a kan wata mas'ala ta doka, ko kuma ya nuna cewa an yi rashin adalci a yadda aka gudanar da shari'ar. Ƙofar farko ƙunci gare ta ƙwarai, saboda alƙalan sama ba su ga fuskar shaidu ba, ba su ji yadda muryarsu ta yi rawa ko ta tsaya ba, don haka da wuya su ce alƙalin da ya gani da idonsa ya yi kuskure wajen gaskata wane da ƙaryata wane. Ko da an tabbatar da kuskuren doka ma, sashen ya ba su damar barin hukuncin yadda yake idan suka ga kuskuren bai sauya komai ba, ko kuma shaidun sun yi ƙarfin da ko an sake shari'ar wuri ɗaya za a koma. Shigo da sabuwar shaida kuwa yana da nasa sharuɗɗan tun daga hukuncin kotun ƙoli a shari'ar Palmer a 1979, kuma na farkonsu shi ne a bayyana abin da ya hana a kawo ta tun a zaman farko.

Laifin da aka kama yaron da shi yana cikin sashe na 320.14, kuma tun daga 18 ga Disamba 2018, lokacin da aka sake fasalin dokokin tuƙi baki ɗaya, abin da mai gabatar da ƙara yake buƙatar tabbatarwa ya ƙara sauƙi. Ya isa a nuna cewa a cikin awa biyu bayan mutum ya sauka daga tuƙi, jininsa yana ɗauke da miligiram 80 ko fiye na barasa a cikin kowace mililita 100, sannan a nuna cewa tuƙinsa ne ya yi sanadin mutuwar. Idan an yi gwajin bayan awa biyun sun wuce, doka da kanta ta ce a ƙara miligiram 5 a kan kowane rabin awa da ya ƙaru, ba sai an kira masani ya yi lissafi ba. Mafi girman hukunci ɗaurin rai da rai ne, kuma wanda ya ƙi yarda a gwada shi alhali ya san hatsarin ya ci rai, shi ma iyakar hukuncinsa ke nan. Saboda haka a irin wannan shari'a lamba ce take magana, kuma duk lauyan da ya san aikinsa wurin lambar zai nufa: wa ya ɗebi jinin, da wane izini, da ƙarfe nawa, kuma shin an bai wa wanda ake tuhuma damar magana da lauya kafin a ɗiba. Kundin haƙƙoƙi da 'yanci na 1982, wanda yake cikin tsarin mulkin ƙasar, ya haramta bincike ko ƙwace ba bisa ƙa'ida ba a sashe na 8, ya ba wanda aka kama haƙƙin neman lauya ba tare da jinkiri ba a sashe na 10, sannan ya ba alƙali ikon fitar da duk shaidar da aka samo ta hanyar keta waɗannan haƙƙoƙi a sashe na 24. Idan aka fitar da sakamakon gwajin, sau da yawa ƙarar gwamnati ba ta da sauran ƙafar tsayawa.

Shari'ar da ta fi koya mini yadda wannan yake aiki ita ce ta Rob Ramage, kuma na zaɓe ta ne saboda hatsarin ya faru a Vaughan, arewa da Toronto, a kan hanyoyin da nake bi. Ramage shahararren ɗan wasan hoki na ƙanƙara ne, wasan da Kanadiyawa suke ji da shi kamar yadda muke ji da ƙwallon ƙafa. Shi aka fara zaɓa a cikin sababbin 'yan wasa a 1979, ya ci kofin Stanley sau biyu, da Calgary a 1989 da Montreal a 1993, kuma ya taɓa riƙe kyaftin na ƙungiyar Toronto Maple Leafs. A ranar 15 ga Disamba 2003 yana dawowa daga jana'izar wani tsohon ɗan wasan hoki a cikin motar haya, tare da Keith Magnuson, tsohon kyaftin na Chicago Blackhawks, sai motar ta tsallaka layin tsakiya ta yi karo da masu tahowa. Magnuson, mai shekara 56, ya mutu, wata mata kuma ta ji munanan raunuka. A watan Oktoba 2007 masu taimaka wa alƙali suka same shi da laifi, a farkon 2008 aka yanke masa shekara huɗu da haramcin tuƙi na shekara biyar, ya ɗaukaka ƙara, aka ba shi beli yana jiran sakamako.

Babbar hujjarsa fitsari ce. Yana kwance a asibiti bayan hatsarin, wani ɗan sanda ya ɗebi fitsarinsa ba tare da waranti daga kotu ba, kuma gwajin da aka yi ya nuna barasa fiye da ninki biyu na ƙa'ida. Babu wanda ya yi musun cewa ɗan sandan ya keta sashe na 8. Tambayar ita ce ko wannan ketawa ta isa a jefar da sakamakon. Shekara ɗaya kafin a yanke hukuncin ɗaukaka ƙarar, wato a 2009, kotun ƙoli ta shimfiɗa ma'auni a shari'ar Grant, inda ta ce alƙali ya auna girman laifin jami'in hukuma, da zurfin cutar da aka yi wa haƙƙin wanda ake tuhuma, da kuma buƙatar al'umma ta a yanke shari'a bisa gaskiyar abin da ya faru. Da aka ɗora maganar Ramage a kan wannan ma'auni a watan Yuli 2010, kotun ɗaukaka ƙara ta Ontario ta ce ɗaukar abin da jiki ya riga ya fitar bai kai soka allura a jijiya ba, kuma sakamakon gwaji shaida ce abin dogaro a shari'ar da aka rasa rai. Ta bar kamun yadda yake, ta bar shekara huɗun, Ramage ya shiga kurkuku shekara shida da rabi bayan ranar hatsarin. Mutum ne mai suna, mai halin ɗaukar manyan lauyoyi, kuma yana riƙe da keta haƙƙi wanda kotu ta amince an yi, amma duk da haka bai tsira ba.

Sai dai akwai waɗanda suka tsira, kuma rashin adalci ne in ɓoye su. A lardin Alberta a 2008 wani mai suna Taylor ya kifar da motarsa, fasinjoji uku suka ji rauni. Da aka kama shi ya ce yana son magana da lauya, aka wuce da shi asibiti, aka ɗebi jininsa, kuma a duk tsawon zamansa a can babu ɗan sandan da ya miƙa masa waya ko ya nuna masa inda take. Ɗan sandan da kansa ya amsa a gaban kotu cewa kuskure ne irin na sabon shiga. Alƙalin farko ya same shi da laifi, kotun ɗaukaka ƙara ta Alberta ta soke, sannan a 2014 kotun ƙoli, da bakin alƙalanta duka, ta tabbatar da sakinsa, tana mai cewa asibiti ba wuri ba ne da haƙƙin neman lauya yake tsayawa a bakin ƙofa. A wannan shari'ar ba a rasa rai ba, amma ƙa'idar da ta kafa tana aiki a inda aka rasa.

Na daɗe ina juya waɗannan shari'o'i biyu a raina, kuma ba zan ce hankalina ya kwanta da su ba. Jinin Taylor bai yi ƙarya ba, abin da aka samu a cikinsa yana nan, kuma waɗanda suka ji rauni ba su warke ba don an hana shi waya. Idan na sa kaina a matsayin ɗan'uwan wanda aka buge, jin cewa direba ya tafi gida saboda ɗan sanda ya manta da tarho abu ne da zai hana ni barci. Amma na kuma zauna a ƙasashen da ɗan sanda yake yin abin da ya ga dama da wanda ya kama, yana sane da cewa babu alƙalin da zai tambaye shi yadda ya samo shaidarsa, kuma na san wanda yake shan wahala a irin wannan tsari: talaka ne da baƙo. A ganina, hukunci irin na Taylor shi ne kuɗin da al'umma take biya domin ɗan sanda na gaba ya tuna da wayar, kuma na yarda a biya shi, ko da yake na san ba daga aljihuna yake fita ba.

Akwai wani ɓangare na shari'ar Ramage da na karanta wa Hajiya sau biyu, domin ya taɓa abin da yake ranta. Iyalan Magnuson sun yafe masa, sun kuma roƙi alƙali a fili kada ya tura shi kurkuku. Kotu ta saurare su da girmamawa, ta kuma ɗaure shi. Hajiya ta kasa gane wannan. Tun farkon al'amarin ta so a haɗa dattawa da liman a je gidan mamacin a nemi gafara a yi maganar diyya, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta tsara game da kisan kuskure, kuma sai da lauya ya ja mana kunne cewa sharuɗɗan belin ɗanta sun hana duk wata hulɗa da iyalan, ko kai tsaye ko ta hanyar aike, kuma zuwan dattawan zai iya mayar da yaron tsare. A Kanada ƙarar laifi ta gwamnati ce, a kan takarda ma sunan Sarki ne a sama, kuma iyalan mamaci shaidu ne da masu bayyana raɗaɗinsu, ba su da ikon janyewa ko sassautawa. Hujjar kotu ita ce direban da ya hau titi a buge ya jefa duk wanda yake kan titin cikin haɗari, saboda haka hukuncinsa bai kamata ya dogara da ko ya yi sa'ar faɗawa kan iyali masu yafiya ko masu riƙo ba. Diyyar kuɗi kuwa hanyarta daban ce, ta kotun farar hula da kamfanonin inshora.

Da Hajiya ta ga ƙofar soke kamun tana ƙuntata, sai ta ce to a nemi ragin shekarun. Wannan ma ɗaukaka ƙara ce, amma ta wani nau'i, kuma tun daga shari'ar Lacasse ta yi wuya. A watan Yuni 2011, da misalin ƙarfe huɗu na asuba, wani saurayi mai suna Lacasse a yankin Beauce na lardin Quebec ya shiga kwana da gudun kilomita 130 a awa inda aka ba da shawarar 75, yana cikin maye, motar ta yi ta wuntsilawa, 'yan mata biyu da ke kujerar baya suka mutu nan take, ɗaya tana da shekara 17, ɗayar kuma a daren take bikin cika 18. Ya amsa laifinsa. Alƙali ya ba shi shekara shida da rabi, yana mai la'akari da cewa a yankin kusan ɗaya cikin kowace shari'a biyar da ke zuwa gabansa ta tuƙi cikin maye ce. Kotun ɗaukaka ƙara ta Quebec ta ga hukuncin ya fita daga abin da aka saba, ta rage shi zuwa shekara huɗu. Gwamnati ta wuce kotun ƙoli, kuma a watan Disamba 2015 alƙalai biyar cikin bakwai suka mayar da hukuncin farko, suka ce kotun sama ba ta da hurumin taɓa hukunci don kawai da ita ce da ta yanke wani abu daban, sai idan akwai kuskuren ƙa'ida da ya shafi sakamakon ko kuma hukuncin ya fita daga hankali a fili. Bayan watanni uku, a Maris 2016, aka yanke wa Marco Muzzo shekara goma a Ontario saboda hatsarin da ya kashe yara uku 'yan gida ɗaya da kakansu a Vaughan. Tun daga lokacin, wanda aka ba shekara biyar kan ran mutum ɗaya zai sha wahala kafin ya gamsar da alƙalai uku cewa an zalunce shi. Kada kuma a manta cewa lauyan gwamnati ma yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara idan ya ga hukuncin ya yi sauƙi, har ma yana iya ƙalubalantar sakin mutum idan kuskuren na doka ne, abin da tsarin Amurka bai yarda da shi ba.

Maganar lokaci da kuɗi gajeriya ce amma tana da nauyi. A Ontario kwana 30 ne wa'adin shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara bayan yanke hukunci. Mai ƙara ne yake biyan kuɗin rubuta duk abin da aka faɗa a zaman farko, shafi bayan shafi, kafin ma lauya ya fara nasa lissafin, kuma hukumar tallafin shari'a ba ta ɗaukar nauyi sai ta gamsu cewa ƙarar tana da makama. Beli ba ya zuwa kai tsaye, domin mutum ya riga ya rasa matsayinsa na wanda ba a tabbatar wa laifi ba, sai ya nuna cewa ƙararsa ba ta wasa ba ce, cewa zai miƙa kansa idan ya faɗi, kuma sakinsa ba zai zubar da mutuncin shari'a a idon jama'a ba. Idan an ba shi belin, kwanakin da ya yi a waje ba sa shiga lissafin ɗaurinsa. Idan ba a ba shi ba, yana iya kai wa lokacin neman sakin talala, wanda yake zuwa bayan kashi ɗaya cikin uku na wa'adin, kafin ma a saurari ƙarar. Nasara kuma sau da yawa ba saki take nufi ba, umarni ne a sake shari'ar daga farko, iyalan mamaci su sake zama su ji yadda ɗan'uwansu ya mutu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda babu wanda ya ambata a wajen jaje. Yaron ya zo Kanada yana ƙarami, yana da takardar zama ta dindindin, amma bai taɓa neman zama ɗan ƙasa ba, irin sakacin nan na "sai an samu lokaci". A ƙarƙashin sashe na 36 na dokar shige da fice, duk mai irin wannan takarda da aka kama da laifin da iyakar hukuncinsa ta kai shekara goma, ko aka ɗaure shi fiye da wata shida, ya shiga sahun waɗanda za a iya tasa ƙeyarsu, kuma tun 2013 ɗaurin wata shida ko fiye yana rufe masa ƙofar kai kuka gaban hukumar sauraron ƙorafin shige da fice. Direban babbar motar da ya yi karo da bas ɗin 'yan wasan Humboldt Broncos a Saskatchewan a 2018, inda mutum 16 suka rasu, ko giya bai sha ba, ganganci aka kama shi da shi, ya amsa laifinsa, aka ba shi shekara takwas, kuma a 2024 aka ba da umarnin mayar da shi Indiya. Gaskiya ne kotun ƙoli ta ce a shari'ar Pham a 2013 alƙali yana iya la'akari da haɗarin kora wajen yanke hukunci, amma ragin da aka yi a can na kwana ɗaya ne, kuma babu kotun da za ta sauko daga shekara biyar zuwa ƙasa da wata shida a kan ran mutum. Ma'ana, ko da Hajiya ta sayar da filin an rage wa ɗanta shekara guda, takardarsa tana nan cikin haɗarin da take ciki. Soke kamun ne kaɗai zai ceci takardar.

Saboda haka muka yi abin da ya kamata a fara yi. An shigar da sanarwar a cikin wa'adi domin kada ƙofar ta rufe, sannan muka biya wata lauya da ta ƙware a ɗaukaka ƙara, wadda ba ita ta yi shari'ar farko ba, domin ta karanta kundin ta faɗa mana gaskiya. Bayan makonni ta kira mu ofishinta. Ta jera takardun 'yan sanda da na asibiti a kan tebur bisa tsarin lokaci, ta bi su da bakin alƙalami minti bayan minti: lokacin da aka kama shi, lokacin da aka karanta masa haƙƙinsa, lokacin da ya ce yana son lauya, lokacin da aka miƙa masa waya aka ja labule aka bar shi shi kaɗai, da lokacin da aka ɗebi jinin bayan ya gama magana. Babu giɓin da ya ceci Taylor. Ta ce za ta iya rubuta hujjoji idan mun nace, kuma za ta karɓi kuɗinta, amma ba ta ga hanyar nasara ba. Na fassara wa Hajiya kalma bayan kalma, ban sassauta komai ba. Ta yi shiru, ta tambaya ko akwai wani lauyan da ya fi wannan, na ce akwai waɗanda za su faɗa mata abin da take son ji.

Ba ita ta yanke maganar ba a ƙarshe, domin ƙarar ta ɗanta ce, kuma shi ne ya sa hannu a takardar janyewa. Ya ce a bar filin, a ajiye abin da ake da shi domin lauyan shige da fice, wanda yaƙinsa yana gaba. Ranar da na kai ta ziyara ta farko a gidan yarin da ke wajen Kingston, tafiyar kusan awa uku a kan babbar hanya ta 401, ta dafa masa dambun nama tun dare, kuma a bakin ƙofa aka ce ba a shiga da abinci daga waje, sai muka mayar da shi mota. A ɗakin ziyara ta zauna tana kallonsa cikin tufafin da ba ta saba ganinsa da su ba, ta tambayi lafiyarsa, ta tambayi ko ana barinsu su yi salla a kan lokaci. Can ta rage murya ta ce: "Ka fara azumin wata biyun nan kuwa?" Ya ce bai fara ba, yana jiran a gama tantance shi a mayar da shi inda zai zauna, domin kada a katse masa a tsakiya ya koma farko. Ta ce ya yi magana da limamin da ke zuwa musu, ya tambaye shi yadda zai yi da sahur.